Daga Kano Zuwa Daura a Kan Keke Cikin Yini Ɗaya: Amsa ga Mai Tambaya

Wani ɗan'uwa daga Kano ya aiko da tambaya. Ya ce shekarunsa talatin da 'yan kai, lafiyarsa ƙalau, kuma kullum da keke yake zuwa wurin aiki, tafiyar da ba ta wuce kilomita 10 ba zuwa da dawowa. Yanzu shi da abokinsa suna sha'awar su tashi daga Kano su isa Daura a yini ɗaya idan sanyi ya shigo, domin su ga karkara da idonsu, su kuma ziyarci rijiyar Kusugu. Yana son ya san ko abin zai yiwu, wane irin keke ya dace, da abin da ya kamata su riƙa.

Malam, abin zai yiwu, kuma ba sai wanda ya taɓa shiga gasar tsere ba ne zai iya. Tsakanin Kano da Daura kusan kilomita 130 ne, gwargwadon unguwar da mutum ya fito, ta hanyar da ta rabu da titin Katsina a Dawanau ta bi ta Dambatta da Kazaure. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu wani hawa mai karya gwiwa in ban da 'yan tuddan da ke kewayen Kazaure. Mutum mai lafiya da ya yi shiri na wasu makonni zai iya riƙe kilomita 15 zuwa 18 a awa, wato awa 8 ke nan ko kusa da haka a kan sirdi, idan kuma aka haɗa da sallah da cin abinci da hutu sai ya zama awa 10 zuwa 11. A watan Disamba rana tana fitowa a Kano wajen ƙarfe 6:40 na safe, ta faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe 6:00 na yamma, saboda haka hasken da kuke da shi bai kai awa 11 da rabi ba. Lissafin ya fita, amma babu rara mai yawa. Mutane kan ce sannu ba ta hana zuwa sai dai a daɗe ba a je ba, to a wannan tafiya daɗewar ita ce matsalar, domin bakin babban titi bayan magariba ba wurin mai keke ba ne.

Shawarata ta farko, wadda na fi ba muhimmanci a kan duk abin da zai biyo baya, ita ce ku juya tafiyar. Ku ɗora kekunanku a mota ku tafi Daura ku kwana, washegari bayan sallar asuba ku kamo hanyar Kano. Dalilin shi ne iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hanyar Kano zuwa Daura kuwa arewa ta miƙe, ta ɗan karkata yamma, don haka wanda ya nufi Daura a Disamba ko Janairu zai yini iska tana dukansa a ƙirji da kafaɗar dama, wanda ya nufo Kano kuma tana tura shi ta baya. Wanda bai saba doguwar tafiya ba yakan ɗauki wannan ƙaramin abu, alhali a fili mai shimfiɗa, da zarar mai keke ya fara sauri, mafi yawan ƙarfinsa wajen ratsa iska yake tafiya. Turjiyar iska kuma ba daidai da sauri take ƙaruwa ba: idan saurin iskar da ke dukanka ya ninka biyu, turjiyarta ninki huɗu take yi. A ce kana tafiyar kilomita 16 a awa, iska kuma tana zuwa maka gaba da gaba da saurin kilomita 16, to jikinka yana ratsa iska mai saurin 32 ne, nauyin da ya ninka na ranar da babu iska sau huɗu. Idan wannan iskar ce a bayanka, kusan babu abin da kake ratsawa. Gaskiya ne cewa a wannan hanya iskar a karkace take zuwa, ba za ka sami cikakken nauyin ko cikakkiyar turawar ba, amma bambancin da ya rage ya isa ya ƙara muku awa biyu ko ya rage muku ita, kuma mun riga mun ga cewa ba ku da awa biyu ta kyauta.

Juya tafiyar tana da wasu amfanonin. Za ku ga Kusugu da ƙofar fadar Sarkin Daura da yammacin ranar da kuka isa, da ƙafafu masu ƙarfi da hankali a kwance, maimakon ku iso a galabaice lokacin da babu abin da kuke so sai tabarma. Kowane kilomita da kuka ci yana kusantar da ku gida ne, idan kuma wani abu ya lalace a ƙarshen tafiya, lokacin da aka fi samun matsala, kuna yankin da motoci suka fi yawa kuma 'yan'uwa za su iya zuwa ɗaukarku. Aibinta guda ɗaya ne, ba kuma zan ɓoye shi ba: za ku shiga cunkoson Kano a lokacin da kuka fi gajiya. Zan dawo kan wannan.

Idan kuwa zuciyarku ta kafe a kan lallai sai Kano zuwa Daura, hanya biyu ce. Ko dai ku fita da zarar gari ya yi haske ku yi ƙoƙarin wuce Dambatta kafin hantsi ya dubi ludayi, domin iskar hunturu takan kwanta da asuba ta tashi da ƙarfi da hantsi, ko kuma ku ɗage tafiyar zuwa ƙarshen damina, wajen ƙarshen Satumba, lokacin da iskar kudu maso yamma ba ta gama janyewa ba, gonaki kuma suna tsaye da gero da dawa. A wannan lokacin sai ku yi shirin zufa mai yawa da hadarin yamma. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana yake kaiwa digiri 40, ban yarda kowa ya gwada wannan nisa ba, haka nan da azumi a baki, ko na farilla ko na nafila.

Kilomita 10 da kake yi kullum tushe ne mai kyau, amma bai shirya ka ba. Abin da yake fara gazawa a doguwar tafiya ba cinya ba ce, mazaunai ne da wuya da tafin hannu, waɗannan kuwa babu abin da ke horar da su sai daɗewa a kan sirdi. Ka ware mako 6 zuwa 8, kowane ƙarshen mako ka yi doguwar fita guda ɗaya, ka fara da kilomita 30, kana ƙara 10 ko 15 duk mako, har ka kai 90 ko 100 kamar kwana goma kafin ranar tafiya. Zuwa Kura da dawowa zai ba ka wajen 60, zuwa Wudil da dawowa ya haura 80. Wanda ya yi 90 ya sauka yana iya magana da tafiya daidai, ya kuma tashi washegari ba tare da ciwon gwiwa ba, zai iya 130. A waɗannan fitowar ne za ka gwada duk abin da za ka yi amfani da shi, daga wando zuwa abinci, domin ranar tafiya ba ranar gwada sabon abu ba ce. Makon ƙarshe ka rage aiki, ka yi barci. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai sikila, mai asma, da duk wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri a lokacin aikin ƙarfi, ya ga likita kafin ma ya fara wannan horon.

Game da keke, kada kowa ya sa ka ji cewa sai ka sayi mai tsada. Baƙin keken nan na iyayenmu, irin su Raleigh da Phoenix da Hero, ya kai buhunan hatsi kasuwanni masu nisa shekara da shekaru, kuma a ƙasa mai shimfiɗa da iska a baya zai kai ka gida. Yana da wata falala da keken zamani ba shi da ita, wato duk mai facin da ke gindin bishiya a kan wannan hanya yana da tiyub da bawul da taya mai inci 28, ya kuma san ciwon kowane ƙarfe na jikinsa. Nauyinsa da rashin giya su ne kuɗin da za ka biya. Keke mai giya, irin waɗanda ake kawowa na hannu, ya fi sauƙi a tuddan Kazaure da kuma lokacin da ƙafa ta mutu, sai dai idan tayarsa mai manyan haƙora ce ta hawan dutse, ka canja ta da mai santsi, domin haƙoran nan suna shan ƙarfi a kan kwalta a banza. Idan kuma siririn keken tsere ne, ka sani cewa girman tiyub ɗinsa da siririn bawul ɗinsa ba lallai ka same su a ƙauye ba, sai ka riƙe naka guda biyu da famfon da ya dace da bakinsu. Kowanne ne dai, ka kai shi wurin mai gyara mako guda kafin tafiya, ba daren tafiya ba, a duba birki, a ɗaure wayoyin ƙafa, a sa giris a boris, a wanke cen a sa masa mai kaɗan. Na ce kaɗan ne da gangan, domin mai da yawa ƙura yake tarawa, ƙurar hunturu kuwa idan ta haɗu da mai sai ta riƙa cin ƙarfe.

Tsayin sirdi ya cancanci a tsaya a kansa, domin mafi yawan masu keke a garuruwanmu sirdinsu ya yi ƙasa, sun saba da son tafin ƙafa ya taɓa ƙasa suna zaune. A tafiyar kasuwa wannan ba ya cutarwa, amma a awa 8 gaban gwiwa ne zai biya. Ka jingina da bango ka hau, ka ɗora dundunniyarka a kan feda lokacin da take can ƙasa. Idan ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba, tsayin ya yi daidai, kuma idan ka mayar da gaban tafin ƙafarka kan feda yadda ake tuƙi, za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Sirdin ya kwanta daidai, kada bakinsa ya ɗaga sama. Sirdi mai laushi ƙwarai yana da daɗi a rabin awar farko, daga nan sai ƙashin mazaunai ya nutse, nauyi ya koma kan naman da bai kamata ya ɗauka ba. Ka guji wandon jins da duk wando mai kaurin ɗinki a tsakiya, ka shafa man kaɗanya ko basilin a matse-matsi tun kafin ka hau, ka ɗaure bakin wandon dama da roba kada cen ya cafke shi. Wajen tuƙi kuma, idan kekenka mai giya ne, ka zaɓi giya mai sauƙi ƙafa tana juyawa da sauri, kamar sau 70 zuwa 90 a minti, maimakon giya mai nauyi da ake dannawa da ƙarfi. Sabon mahayi yakan ga giya mai nauyi ita ce jarumta, amma ita ce take ƙone cinya kafin azahar.

Faci zai iya samunku, kuma yawanci ba a kan kwalta yake samuwa ba, sai lokacin da aka sauka gefe don a huta ko don a ba tirela hanya. Tsidau yana kwance a bakin titi bayan kaka, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa a gindin bishiyoyi. Idan za ku shiga inuwa, ku ɗaga kekunan ku ɗauke su, ko ku duba tayoyin da ido da hannu kafin ku sake hawa, domin ƙayar da aka cire tun tana saman roba ba ta kai ga tiyub ba. Idan facin ya faru, hanya mafi sauri ita ce a sa sabon tiyub a adana mai hujin sai an isa wurin hutu. Amma kafin ka sa sabon, ka zagaya cikin tayar da yatsa a hankali har sai ka ji tsinin da ya yi ɓarnar ka zare shi, in ba haka ba zai huda sabon kafin ku yi nisa. Wajen yin facin da kanka, ka hura tiyub ɗin ka kusantar da shi ga leɓenka, za ka ji sanyin iskar da ke fita ko da babu ruwan da za ka tsoma shi. Ka kankare wurin har ya yi kaushi, ka shafa sholisho siriri fiye da faɗin facin, sannan ka jira ya bushe har ya daina sheƙi kafin ka manna. Gaggawar manna faci a kan ɗanyen sholisho ita ce take sa ya ɗaye bayan 'yan kilomitoci. Kayan aikin da za ku riƙa ba su da yawa: famfo, tiyub, faci da sholisho, ƙarfen ɓanɓare taya, sufanar da ta dace da notin ƙafafunku, da ɗan tsumma. Ku ɗaure su a kariya, kada ku goya jaka mai nauyi, domin duk abin da ke bayanka mazaunai ne suke ɗauke da shi.

Yanzu ga abin da ya fi kayar da mutane, wato ruwa da abinci. Hunturu yana da yaudara, domin iskar a bushe take, zufa tana fita tana bushewa nan take, sai mutum ya ga rigarsa ba ta jiƙe ba ya ɗauka bai yi asarar komai ba, alhali farin gishirin da ke bayyana a wuyan rigarsa shaida ne. Mai tuƙa keke yana iya zubar da rabin lita zuwa lita guda ta zufa a kowace awa, ko fiye idan rana ta take. Ka ɗauki ledar ruwa guda, wadda rabin lita ce, a matsayin mafi ƙarancin abin da za ka sha duk awa, ka kuma sha shi kaɗan-kaɗan, ba ka jira ƙishi ya kama ka sannan ka ɗirka ba. Kowannenku ya riƙe gora biyu, yana cikawa a duk garin da aka tsaya, da ruwan da ya amince da tsabtarsa. Ruwa zalla kuma ba ya mayar da gishirin da ya fita, kuma yawan shansa ba tare da gishiri ko abinci ba yana da nasa haɗarin. Gora ɗaya ta zama ta ruwan gishiri da sukari, ko dai na ƙunshi da ake sayarwa a kemis, ko haɗin gida da aka sani, wato ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda. Fitsari shi ne ma'auninku: idan ya yi ja ya ƙaranta, ko aka yi awa huɗu ba a ji shi ba, an yi baya a shan ruwa.

Abinci kuwa, jiki yana ajiye wani sukari a tsoka da hanta, wanda a aiki mai ƙarfi ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan ya ƙare ba a mayar ba, abin ba a hankali yake zuwa ba, lokaci guda ƙafa take mutuwa, hannu ya ɗauki rawa, ido ya yi duhu, mutum ya ji haushin kowa. Maganinsa shi ne a fara ci tun daga awar farko, tun ba a ji yunwa ba. Masana motsa jiki suna ba da shawarar giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko sukari a kowace awa, wanda a kasuwarmu yake nufin ayaba ɗaya ko biyu, ko dabino cike da tafin hannu, ko yankan burodi biyu. Dabino ya fi komai dacewa da aljihu, domin ba ya lalacewa ba ya kuma narkewa. Ka haɗa da ƙuli-ƙuli ko gyaɗa mai gishiri saboda baki yakan gaji da zaƙi. Kafin fita, koko ko kunu da burodi ya wadatar. A babban hutu na rana, shinkafa da wake ko waina daidai ciki ya fi tuwo mai nauyi da nama mai kitse, waɗanda za su sa barci su kuma zauna a ciki. Fura da nono tana da kyau ƙwarai ga wanda cikinsa ya saba, da sharaɗin ya ga ruwan da aka dama da shi. Abu ɗaya da nake roƙonku da babbar murya shi ne kada ku sha ƙwayar kashe gajiya. Tramadol yana dushe hankalin da kake bukata a bakin titi, magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac kuma suna iya taɓa ƙoda idan aka sha su jiki yana cikin ƙarancin ruwa.

Ga yadda zan tsara yinin. Ku bar Daura da zarar an fara gane fuskar mutum, wajen ƙarfe 6:15, da rigar sanyi marar nauyi a sama, domin sanyin asuba a Disamba yana sauka ƙasa da digiri 15, a kan keke kuma ya fi haka cizo a yatsu da kunne. Zangon farko zuwa Kazaure bai kai kilomita 50 ba, kuma shi ne mafi daɗi, amma a nan ne ake yin babban kuskure, domin jiki sabo ne, iska tana baya, sai a kwasa da gudu. Ma'aunin shi ne ku iya hira da juna cikin cikakkun jimloli ba tare da haki ba. Wannan yanki ƙasar jigawa ce mai rairayi, an gama girbi, za ku ga kara a tsaye ko an tattara shi, da garken shanun Fulani suna kiwo a gonakin da aka kwashe, da kuka tsirara babu ganye. Ku lura da gawo, wanda shi kaɗai yake yin akasin sauran bishiyoyi, ya kaɗe ganyensa da damina ya tofo da rani, shi ya sa manomi yake barin sa a tsakiyar gona, gero ya samu rana da damina, dabbobi su samu inuwa da 'ya'yansa da rani. A mota duk wannan wucewa yake yi ta taga, a keke kuwa har sallamar mai amalanke za ka amsa, kuma a ganina wannan shi ne ainihin ribar tafiyar.

Wajen ƙarfe 9:30 ya kamata duwatsun Kazaure su bayyana. Kun shigo Jihar Jigawa ke nan, kun baro Katsina, kuma kafin azahar za ku shiga Jihar Kano, wato jihohi uku a safiya guda. Ku tsaya wurin mai shayi, ku cire rigar sanyi, ku cika goruna, amma kada zaman ya wuce rabin awa, domin tsoka idan ta huce tashi yake mata wuya. Daga nan zuwa Dambatta kamar kilomita 30 ne, da ɗan hawa da gangara a farkonsa, ku isa wajen ƙarfe 12:00. Garuruwan nan biyu tarihinsu a haɗe yake, domin a Dambatta ne Ɗan Tunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure a zamanin jihadi, ya fara zama, kafin a mayar da gadon sarautar Kazaure. A Dambatta za ku yi babban hutu, ku ci abinci, ku yi sallah, ku miƙe a inuwa ku ɗaga ƙafafu. Nisan tafiyarku ya haura mil 48 da malaman Malikiyya suka ajiye don yin ƙasaru, sai ku nemi bayanin hukuncin wurin malaminku tun kafin ku fita. Ku tashi ƙarfe 1:30. Sauran kilomita 50 ɗin su ne na gaskiya, rana ta take, mazaunai sun yi tsami, hira ta ƙare. Ku raba su gida huɗu, kuna sauka minti biyar duk bayan minti 45, kuna miƙewa a kan feda lokaci-lokaci don jini ya zagaya, kuna sauya wurin riƙon hannu. Idan iska ta juyo ta gefe ko ta gaba, ɗaya ya shiga gaba ɗaya ya bi bayansa kusa, kuna karɓa-karɓa, domin na baya yana samun sauƙi sosai, amma kada tayarsa ta gaba ta shiga gefen tayar bayan ɗan'uwansa, taɓawa ɗaya ta isa ta kayar da shi.

Titi shi ne haɗarin da ya fi duk waɗanda na ambata. Ku bi hannun dama tare da motoci, ɗaya bayan ɗaya, ba kafaɗa da kafaɗa ba. Ku sa hular kwano da riga mai haske, ku liƙa jar fitila a baya ko da rana ce, domin a ranar hazo direba ba ya hango mai keke sai ya zo dab da shi. Idan kuka tashi kuka ga hazon ya yi kauri har ba a hango bishiyar da ke ƙarshen gona, ku fasa, ku jira wata rana, domin huhu ma ba zai ji daɗinsa ba. Kunne ya zauna a buɗe, babu abin sauraron waƙa. Abu biyu ne suka fi kashe masu keke a irin wannan hanya: motar da ke tahowa daga gaba ta fito yin obatekin ta cinye hannunka, da babbar mota da ta zo ta baya a daidai lokacin da wata take tahowa, babu inda za ta kauce. A duka biyun kada ka tsaya neman haƙƙinka, ka rage gudu ka sauka daga kwalta. Sai dai ka sauka a miƙe, hannu biyu a kan keke, domin bakin kwalta yakan yi gaɓa, rairayin gefe kuma yana riƙe tayar gaba. Tirela idan ta wuce iskarta takan ture ka waje sannan ta jawo ka ciki, sai ka riƙe kan keken da kyau har ta wuce gaba ɗaya, ka kuma tuna wata tana iya biyo ta. A 'yan shekarun nan an shiga aikin mayar da wannan hanya tagwaye, don haka ku tambayi direbobin tasha inda ake karkatar da motoci da inda manyan motocin aiki suke shige da fice. Su ne kuma za su gaya muku halin tsaron hanya a makon da za ku tafi da garin da kasuwarsa take ci ranar.

Hanya ce da ta nufi iyakar Nijar ta Kongolam, saboda haka akwai shingayen jami'an tsaro. Ku riƙe katin shaida, ku rage gudu ku gaisa, ku faɗi inda kuka fito da inda za ku. A ƙauye kuma, duk inda za ku zauna a inuwar wani ko ku ɗebi ruwa a rijiya ko famfo, ku yi sallama ku gaida dattawan wurin tukuna, kada ku ɗaga waya ku ɗauki hoton mutane, musamman mata, ba da izini ba. Yara za su bi ku da gudu, sai ku rage sauri har ku fita daga gari. Wani a gida ya san tsarin tafiyarku, kuna kiransa daga Kazaure da Dambatta, wayar a cike da caji, da kuɗin mota na mutum biyu da kekuna biyu a ajiye daban.

Kuɗin motar nan ba ado ba ne, kuma ina so ku yanke sharuɗɗan amfani da shi tun kuna gida, domin gajiyayyen mutum ba ya yanke hukunci mai kyau, ga kuma kunyar abokin tafiya. Idan ƙarfe 2:30 ta yi ba ku bar Dambatta ba, ku shiga mota. Idan gwiwa ta fara suka a wuri ɗaya tana ƙaruwa da kowane juyi, ku shiga mota. Idan ɗayanku ya fara ciwon kai mai tsanani, amai, jiri, ko tsigar jiki tana tashi cikin rana, a kai shi inuwa a sassauta masa tufafi a ba shi ruwan gishiri da sukari, tafiya kuma ta ƙare. Idan maganarsa ta fara rikicewa ko ya kasa tsayawa daidai, wannan bugun zafi ne mai iya kisa, a jiƙa masa jiki da ruwa ana yi masa fifita, a nemi mota zuwa asibiti mafi kusa nan take, kada kuma a ɗura masa ruwa a baki idan hankalinsa ba ya jikinsa.

Idan komai ya tafi daidai za ku iso Dawanau wajen ƙarfe 4:30, nan ne kuma aibin da na ambata yake jiranku. Kasuwar hatsi ce babba, tireloli suna juyawa, daga nan har cikin gari kuma 'yan adaidaita sahu ne suke tsayawa ba sigina. Kada ku faɗa cikin wannan kai tsaye da murnar an iso. Ku tsaya kafin shataletalen Dawanau, ku wanke fuska, ku ci dabino, ku sha ruwa, ku ba kanku minti goma, sannan ku shiga a hankali da yatsu a kan birki. Wanda ya ji hankalinsa ya yi nauyi ya ɗora keken a adaidaita sahu ya ƙarasa gida. Da kun isa, ku ci abinci mai kyau cikin awar farko, ku ci gaba da shan ruwa har fitsari ya washe, ku wanke matse-matsi da sabulu ku busar don kada gogewar ta zama ƙurji. Tsamin cinya na kwana biyu ko uku ba abin damuwa ba ne, tafiyar ƙafa kaɗan ma tana sassauta shi, amma fitsari mai launin baƙin shayi tare da ciwon tsoka mai tsanani, ko mutuwar yatsu da ta wuce 'yan kwanaki, na likita ne.